Kujerar Gaba a Laccar Rufaro

Ƙanwata Kadiatu,

Gaisuwa mai yawa daga Glasgow. Ya jikoki, ya mutanen Makeni? Ni lafiya lau, sai dai ƙafafun nan da suka daina hawa bene.

Kin tuna Rufaro, 'yar Zimbabuwe, baƙar mace tilo mai koyar da injiniyanci a sashen da na yi aiki a jami'a? Wadda ta zo wurina tana kuka za ta bar aiki, na lallashe ta? To, ta zama farfesa. A al'adar nan sabon farfesa yakan gabatar da lacca, a keɓe wa iyalinsa kujerun gaba. Iyayenta sun rasu, sai ta ba da sunana.

Jiya ta kawo min miya, ta ce, "Baba, kar ka kawo min zancen ƙafa. Ko goyo ne, zan goya ka."

Na yi dariya, na ce zan zo. Laccar sai bazara, kuma ban gaya mata abin da likita ya ce game da sauran kwanakina ba.

Ki aiko min da rinannen zanen Mama. In ban kai ba, a shimfiɗa shi kan kujerar, kada Rufaro ta duba ta ga wayam.

Allah ya raya zuriya.

Yayanki,
Alimamy