Sarƙar Da Ba Ta Son Wanki

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Sarƙar babur ta tsinke mini yau a rafin da ke gaban Dudunni, cikin rairayi, ga jakar allurai a bayana. Haka na turo shi har rugar Sada. Babur ɗin na jeji ne, ga tsayi kamar raƙumi, hawansa daɗi, turinsa azaba. Saniyar da aka kira ni dominta na same ta kwance, cikinta ya kumbura. Na yi abin da zan iya, kafin la'asar ta miƙe. Alhamdulillahi. Da na ƙara jinkiri kaɗan, da wuƙa zan tarar a wuyanta, sannan a ce malamin dabbobi ya zo cin nama.

Sada ya ɗaure mini sarƙar da waya, na lallaɓo gida Kankiya. Baba na zaune ƙofar gida. Ya dubi wayar, ya dube ni. Kallon nan ya fi mini turin ciwo, domin shi ke wanke sarƙar nan kullum da safe.

Laraba, 9 ga Yuli

Na kai wa Ashiru bakanike babur ɗin. Ya ɗaga sarƙar da yatsa biyu yana dariya.

"Wanga ai kunun rairayi ne, Likita. Wa ke yi mata wanka da baƙin mai?"

Na yi kamar ban ji ba. Ya ce baƙin mai na kama rairayi, rairayin ya shiga gaɓoɓin ya yi ta cin ƙarfe. Mai yawon rugage irina, in ji shi, sarƙa rufaffiya ta dace da shi. Ita kowace gaɓa akwai ɗan zoben roba da ya kulle maiƙo a ciki tun daga kamfani, ruwa da ƙasa ba sa shiga. Iri biyu ce. Akwai mai zobe zagayayye, akwai mai zobe mai leɓe huɗu, wadda ta fi riƙe maiƙo kuma ba ta cika yi wa inji nauyi ba, sai dai ta fi tsada. Ya kuma nuna mini sifoket ɗina, wato farantin haƙoran da sarƙa ke hawa. Haƙoran sun lanƙwashe sun yi tsini kamar ƙaya. Ya ce in na ɗora sabuwar sarƙa a kansu, kafin kaka sun cinye ta.

Duk na yarda. Sai ya ƙara da cewa, "Amma fa ba ta son fetur. Ba ta son buroshin waya. Robar za su kashe. Tsumma kawai, sai ɗan mai jefi-jefi."

A nan na ce masa zan yi shawara. Ya ɗinke mini tsohuwar na dawo.

Alhamis, 10 ga Yuli

Baba ya wanke ɗinkakkiyar sarƙar sau biyu yau. Yana ganin laifinsa ne.

Asabar, 12 ga Yuli

Bari in rubuta abin da ke cina. Baba ya yi rayuwarsa yana gyaran keke a bakin kasuwa. Da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye bara, ya shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Magana sai da roƙo, abinci sai matata Sa'a ta yi ta lallashi. Wata safiya ina fama da sarƙa a gindin darbejiya sai na ji sandarsa a bayana. Ya ce, "Ba haka a kan yi ba. Ba ni." Tun ranar, in an idar da asuba, ni zan turo babur, Sa'a ta shimfiɗa tabarma, shi kuma ya zo da gwangwanin fetur da buroshinsa da kwalbar baƙin mai. Ni ke juya taya, shi ke wankewa da hannu ɗaya. A nan maganarsa ta dawo, a nan ya koma yi mini tsiya.

Yanzu in zo in ce masa ga sarƙar da ba ta bukatarsa? Tsoro nake ji, wallahi. Tsoron kada ya koma ɗakin nan.

Sa'a ta ce, "To ka sayi irin ta da mana." Na ce in ta sake tsinkewa a jeji fa? Ta ce, "To ka sayi sabuwar." Shawarar matata ke nan, Allah ya saka.

Talata, 15 ga Yuli

Sarƙar ta zame mini a hanyar Yashe, cikin taɓo. Ba ta tsinke ba, amma ta daki ƙafata, kuma maganin rigakafin da na ɗauko a ƙanƙara saura kaɗan ya lalace. Daga nan na kira Ashiru na ce ya aika Kano a kawo mai leɓe huɗun. Ya tambaye ni wane sifoket nake so, na ƙarfe ko na alminiyon. Na alminiyon ya fi sauƙin nauyi, ga kyalli, amma rairayi na saurin cin sa. Na ce ni ba tsere nake yi ba, a kawo na ƙarfe, gaba da baya. Na bayan a ƙara masa haƙora kaɗan, babur ya samu ƙarfin ja cikin taɓo ko da gudu zai ragu.

Wannan zaɓin bai ba ni wahala ba. Na gida ne ya rage.

Laraba, 16 ga Yuli

Dabara ta zo mini: in rataye tsohuwar sarƙar a darbejiya, in ce wa Baba ta ajiya ce, a riƙa wanke ta kada ta yi tsatsa. Na faɗa wa Sa'a ina jin kaina gwani. Ta aje ludayi ta ce, "Baban naka za ka mayar yaro?" Kunya ta kama ni.

Juma'a, 18 ga Yuli

Kaya sun iso, Ashiru ya ɗaura. Babur ya yi shiru kamar ba shi ba. Na shigo da shi zaure na rufe da buhu, kamar wanda ya sato.

Asabar, 19 ga Yuli

Abin da ya faru yau sai na rubuta shi.

Na turo babur bayan asuba. Baba ya fito da gwangwaninsa. Ya zauna, ya ga sabuwar sarƙa, ya shafa ta da yatsa. Har ya tsoma buroshi cikin fetur. Na riƙe masa hannu. Ban taɓa riƙe hannun Baba don in hana shi wani abu ba.

Na yi ta bayani, zobe, roba, maiƙo, ina ta kwana-kwana. Ya katse ni.

"Tsaya. Kana nufin ba ta son wanki?"

"Ba ta so, Baba."

"Kuma ba ta tsinke maka a daji?"

"Da wuya, in Allah ya yarda."

Ya aje buroshin a hankali. Ya jingina da darbejiya ya sauke wani dogon numfashi. Ya ce, "Alhamdulillahi." Sannan ya buɗe mini tafinsa. Duk ya tsattsage, fetur ya cinye fatar, wani wurin har da jini. Kullum ina gefensa ina juya taya, ban taɓa lura ba.

"Mi ya sa ba ka faɗa ba, Baba?"

"In faɗa in ce mi? Kana tahiya inda ba kowa, kai da shanu. In na wanke ta da hannuna sai hankalina shi kwanta. Yanzu tunda ta iya tsaron kanta, ni na huta."

Ya kira Sa'a ya ce ta kawo masa man kaɗanya. Har da tsiya: wai ya yi ritaya, a ba shi fansho da kunu mai zafi. Na yi dariya har hawaye suka zo, na ce hayaƙin murhu ne.

Ni da nake ta tsoro. Kai, na ji sanyi a raina yau.

Alhamis, 24 ga Yuli

An yi ruwa mai yawa. Na je Dudunni, na wuce Tafashiya, na ratsa rafin nan ba ko tari. Sada ya ce ya ajiye mini wayar ɗaurin sarƙa a banza.

Baba bai koma ɗaki ba. In an fito masallaci sai ya dogara sandarsa ya tafi rumfar tsofaffin abokansa masu gyaran keke, sai hantsi yake dawowa da labarai. Sa'a ta ce har tuwo yake neman ƙari. Tafinsa ya fara warkewa.

Talata, 29 ga Yuli

Na turo babur gindin darbejiya da safe, sai da na kafe shi na tuna ba abin da za a yi masa. Na ɗan tsaya. Sabo ne kawai.

Litinin, 4 ga Agusta

Jiya na ce wa Baba sabon sifoket na son a riƙa duba haƙoransa kullum da safe, kada ya fara ci ba a sani ba. Ashiru bai ce haka ba, ni na ƙaga.

Baba ya daɗe yana kallona. Yau bayan asuba bai wuce rumfa ba. Ya zauna kan tabarma, na juya taya, ya bi haƙoran da yatsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana ba ni labarin wani keken da ya taɓa gyara wa wani ɗan Kusada. Taya ta zagayo, ya bari ta sake zagayowa.

"Lafiya lau suke, Likita," ya ce. "Gobe ma ka kawo."