Irin Shinkafar Baba

Zuwa ga ƙanena Bello,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara, kuma zaman Fatakwal yana tafiya daidai. Mu nan Gesse lafiya lau, in ban da gwiwata.

Ranar Juma'a na je Argungu wurin autanmu Umaru. Tun rasuwar Baba shi ke adana irin shinkafar fadamarmu, kuma ko shekarar ambaliya bai bari an taɓa shi ba. Na tarar ya kai irin nan wurin injin casa. Ya ce, "Yaya, mi za ni yi da iri? Taki da man injin ban-ruwa sun gama da ni, ga shinkafar waje ta fi tawa araha. Na bar noma."

Ina cikin yi masa bayanin makomar ƙasar da ba ta ciyar da kanta, sai aka kawo tuwo. Na tambaye shi na wace shinkafa ne. Ya sunkuyar da kai, ya ce na irin Baba ne. Bello, na kasa kai loma.

Na duba rumbun da kaina: saura buhu ɗaya tak. Don Allah ka kira shi yau kada ya kai shi ma inji, domin ya fi jin maganarka. Ka taya mu addu'a, ka gaida mutanen gida.

Yayanka,
Sani