Karnuka Masu Takalmi

Kawu Sale,

Ina gaisuwa. Ya jiki, ya iyali, ya karnukan farautarka?

Da aka rufe kasuwannin Guangzhou don hutu, na tafi arewacin China kallon tseren karnuka. Dusar ƙanƙara har gwiwa! Karnuka takwas ke jan mutum ɗaya, kowanne sanye da takalmi. Wallahi takalmi, Kawu. Na cire safar hannu ina ɗaukar maka hotuna har yatsuna suka sandare.

Tun da na dawo na kasa sukuni, don Inna ta ce har yanzu ka ƙi a cire maka yanar idon nan. To, na hana kowa ya kwatanta maka hotunan. Ka je asibiti, ka gani da idonka.

A gaida Inna, a sa ni a addu'a.

Ɗanka,
Nasiru