Tagar Gidan Elkana

Mubi, ranar Lahadi

Zuwa ga maigidana, Baban Khairat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya. Yaya ƙafar nan taka, ta bar kumburi? Yaya Khairat da ƙannenta, yaya damina? Ni jikina lafiya lau, zuciyar ce dai sai a hankali.

Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba. Ba gidan Goggo nake ba, kuma idon da na ce zan kawo asibiti babu abin da ya same shi. Ƙarya na yi maka, ta farko cikin shekara ashirin da huɗu, ka yafe mini. Na kashe wayata ne don na san da ka kira za ka ce in dawo, ni kuwa ban taɓa iya yi maka musu ba. A takarda na fi ƙarfin hali.

An ga yaron nan. Ka san wanda nake nufi, babbanmu. Falmata, ƙawata mai sayar da daddawa a kasuwar Mubi, ita ta aiko mini cewa yana cikin samarin da ke loda shanu a tirela, a wani lungu bayan kasuwar shanu. Ta gargaɗe ni kada in tunkare shi kai tsaye, don lokacin da ƙanenka Bobboi ya zo nemansa, yana hango shi ya tsallake katanga, wata biyu ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Shi ne ta kama mini ɗaki a wani ƙaramin otal da ake kira Gidan Elkana, wanda tagarsa ke kallon rumfar da suke zama. Ana ruwa muka shigo a keke, na ja mayafi har hanci.

Malam, da za ka ga inda matarka ke kwana da ka yi salati. Ɗakin da kaɗan ya fi akurkin kajinmu. Katifar kuɗin cizo ne masu ita, ni baƙuwarsu ce. Fankar fiffike biyu gare ta, bangon kuma duk lambobin waya ne da wasu suka rubuta da biro. Tagar an gitta mata sandunan ƙarfe. Ƙofar ta sha ruwa ta kumbura, in an rufe ta ba ta buɗuwa daga ciki sai wani ya sa mata ƙafa daga waje. Mai gidan, Elkana, wani dattijo ne Kirista mai fara'a, ce mini ya yi, “Mama, ƙofa nan ya kumbura. In kana so fita ka buga, ni zan zo.” Ka ga ke nan ko bayi zan zaga sai na nemi izinin wani namiji da ba kai ba.

Unguwar kuwa ba ta mutanen kirki ba ce. Mashaya a dama, shagon caca a hagu, kwata cike da kwalaben maganin tari. Ba na fita waje. In wani ɗan garinmu Uba ya gan ni ina fitowa daga wannan ƙofa, kafin la'asar sunana da naka sun gama gari.

Amma na gan shi. Ya rame, ya tara gashi, yana tafiya kafaɗa ɗaya a ɗage irin taka. Na tsaya a bayan labule ina kallonsa yana cin rogo da yaji har ya cinye, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Falmata za ta ba direban Uba wannan takarda. Ka gaishe da yara.

Taka,
Mairama

Mubi, ranar Talata

Baban Khairat,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fata ka kwana lafiya, kuma Khairat ba ta cika maka gishiri a miya ba.

Saƙonka ya iso. Na kwance ƙullin na juya shi ciki da bai, babu takarda, babu ko layi ɗaya. Maganina na hawan jini ne kawai, sai shuɗiyar rigar nan da yaron ya bari a kan igiya ranar da ya tafi. Wata takwas tana ɗakinka ashe, ni ina ta nemanta a sanduƙi. Na ji abin da ka ce, tunda haka kake maganarka.

Ba zan ɓoye maka ba, na daɗe ina jin haushinka. Shanu sun shiga gonar mutane, gaskiya ne, sakacinsa ne. Amma mari a gaban jama'a ga saurayi mai gemu, har da cewa kada ka ƙara ganinsa, ya yi yawa. Sai dai zaman ɗakin nan ya sa na juyo kaina. Kwana huɗu babu inda nake zuwa, daga katifa sai taga, dole mutum ya yi tunani. Ranar da ya fita da jakarsa ina tsaye a bakin murhu. Ya kalle ni, na kalli tukunya.

Haka aka koya mini. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Ana yaye shi mahaifiyarka ta ɗauke shi, Allah ya ji ƙanta, ni kuma na yi ta alfahari da cewa ba a taɓa jin sunansa a bakina ba. In abinci zan ba shi, sai in ce, kai, ga tuwonka nan. In aike ne, kai, zo nan. Shekara ashirin da biyu yaron nan sunansa kai a wurina.

Jiya na yi niyyar fita. Na buga ƙofa, Elkana ya zo ya buɗe, na kai har zaure. Nan na tsaya ina tambayar kaina, in na isa gabansa me zan ce? Ban taɓa yi masa magana mai tsawon da ta wuce ta tuwo ba. Na juyo. Elkana ya ja mini ƙofar ya tafi.

Da yamma faɗa ya kaure a rumfar, wani ƙato ya shaƙe masa wuya. Na riƙe ƙarfen tagar har ya yi mini shaida a tafin hannu, na buɗe baki in kira sunansa, na kasa. Wasu ne suka raba su. Na ji kunyar kaina fiye da duk kunyar da aka koya mini.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Falmata ta jiyo cewa gobe Laraba zai bi tirelar shanu zuwa Kudu, kuma ya gaya wa abokansa in ya tafi ya tafi ke nan. Gobe da hantsi zan fita in same shi, ko ya gudu ko ya tsaya. Ka sa mu a addu'a.

Matarka,
Mairama

Mubi, Laraba da la'asar

Baban Khairat,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da yara, ina fata kowa lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, a gurguje nake yin sa.

Na shirya tun asuba, na ninke rigar na riƙe. Falmata ta ce sai azahar za su tashi, ashe tun jiya aka gama lodi. Rana na ɗagowa na ji ƙugin mota. Na leƙa, sai ga tirelar ta shigo lungun ta tsaya, samari suna hawa kan katakon da ake gittawa a saman shanu. Yana cikinsu, da ledarsa a hannu.

Na ja ƙofa, ta ƙi. Ruwan da aka kwana yi ya ƙara kumbura ta. Na buga, na ƙara bugawa da hannu biyu, har da bokiti, shiru. Elkana ya tafi sayen man janareto. Na ji direba ya sa giya.

Malam, na koma taga na tura fuskata tsakanin ƙarafan nan na kira sunansa. Da ƙarfi, sau uku, a unguwar mashaya, mayafina a ƙasa. Masu caca suka fito, mai shayi ya tsaya da buta a hannu, duk lungun ya juyo yana kallon tsohuwar da ke ihu a tagar otal. Shi ma ya waiwaya. Ya duba dama, ya duba hagu, idonsa ya bi ta kan tagata ya wuce. Bai gane muryar ba. Ina zai gane ta, bai taɓa jin sunansa a cikinta ba?

Motar ta fara tafiya. Ban san daga ina ya zo mini ba, sai na ji na ce, “Kai! Zo nan.” Yadda nake faɗa a tsakar gida, ba ƙari.

Ya daskare. Sai ya saki ledar, ya kama ƙarfen motar ya zamo, ya diro ƙasa har ya gurje gwiwa. Ya zo ya tsaya a bakin tagar, yana waje ina ciki. Na miƙa masa rigar ta tsakanin ƙarafan. Ya juya ta, ya tambaye ni wa ya aiko da ita, na ce wanda ya ajiye ta wata takwas a ɗakinsa. Sai ya kifa fuskarsa a cikinta.

Shi ya zagayo ya sa wa ƙofar ƙafa. Ta ɓalle gaba ɗaya, Elkana ya dawo ya tarar da ita a ƙasa. Ya dube mu, ya ce dama ya gaji da ita.

Yanzu muna gidan Falmata. Ya yi wanka, an yi masa aski, ya ci abinci ya yi barci kamar wanda bai taɓa kwanciya ba. Ba zan yi maka ƙarya ta biyu ba, idonsa da leɓensa sun nuna ya taɓa abin da samarin nan ke sha, akwai aiki a gabanmu. Kafin ya kwanta ya roƙe ni abu ɗaya, kansa a sunkuye, wai in sake faɗin abin da na faɗa da farko a taga, don bai ji da kyau ba. Na faɗa. Falmata ta tashi ta ba mu wuri.

Gobe za mu biyo motar safe. Kada ka tafi gona, kuma kada ka tara mutane. Ka zauna a zaure kai kaɗai, ko ba ka ce komai ba ya isa.

Abdulhamid yana gaishe ka. Ga shi na rubuta, kuma ban mutu ba.

Taka har kullum,
Mairama