Buhunan agushi a motar surukina

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da wannan lokaci. Admin ka taimaka ka sakaya sunana, akwai ƙannen matata a cikin wannan zauren. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Asabar.

Ni malamin firamare ne, ina zaune a Azuba, ina ɗan taɓa noman agushi a wajen Agyaragu. Farkon bara surukina, wato mahaifin matata, ya tafi Legas aikin gwiwa, aka ce sai ya yi watanni a wurin babbar 'yarsa. Baba tsohon ma'aikaci ne, kuma duk wanda ya san shi ya san yadda yake ji da motarsa, tsohuwa ce amma ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kanta. 'Ya'yansa maza uku kowa ya sa ran shi za a bar wa makulli, sai ya tsallake su ya kawo ta gidana, a gabansu ya ce ni kaɗai ya yarda da amanata. Wallahi ranar kaina ya yi girma, su kuma har yau suna riƙe da ni.

Kafin ya tafi sai da ya kai ta wurin mai gyaran wayar mota, bari in kira shi Oga Bulus, ya gyara masa fitilu da esi mai sanyaya mota. Sannan ya zaunar da ni ya karanta min dokoki kamar zan rubuta jarrabawa. Duk sati in tayar da ita ta ɗan yi zafi, in matsa da ita gaba da baya saboda tayoyi, idan na gama in cire kan batir, kada in ja birkin hannu sai dai in sa dutse, kuma kada in ajiye komai a ciki ko da takarda ce. Wata biyu ina bi, daga nan batir ya mutu na yi ta cewa gobe zan kai caji. Duk sanda ya kira ya tambaya sai in ce lafiya lau, ai ko jiya na tayar da ita.

Da damina ta yi nisa na kwaso agushina, sai ga rufin ɗakin ajiya yana yoyo. Na duba gidan kaf babu inda ruwa ba ya taɓawa kamar cikin motar nan, ga ta a rufe ruf da tampol. Ni da matata muka ɗauki buhu huɗu, muka sa biyu a but, wato wurin ajiye kaya, biyu a kujerar baya, na ce sati biyu kacal kafin in gyara rufi. Sati biyun nan shi ya zama wata biyar. Da aka ce Baba na hanya na kwashe buhunan, na ga ƙasansu a huje, ga kashin ɓera ko'ina, sai na share na wanke na fesa turare. Na kai batir caji na ɗaura, ina murɗa makulli sai hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin sitiyari da warin ƙonanniyar roba. Da gudu na cire kan batir na mayar da tampol, ban faɗa wa kowa ba, ina ta addu'ar abin da na san ba zai yiwu ba.

Baba ya dawo yana dogara sanda, ko ruwa bai sha ba ya ce a buɗe masa motarsa. Da hannunsa ya ɗaura batir, hayaƙin ya sake tashi, wannan karon har fitilun dashbod suka ɗauke gaba ɗaya. Ina tsaye ina jiran ya juyo kaina, sai kawai ya ce ai dama ya sani, Bulus ne ya yi masa haɗin banza. Nan ne ya kamata in buɗe baki, amma na bar shi ya ɗora wa Oga Bulus laifin. Aka ja motar zuwa garejin Oga Bulus, Baba ya wanke mutumin nan tas a gaban kwastomominsa, ya kira shi mugu mai lalata kayan mutane don a dawo masa. Mutum biyu a gabana suka ɗauke motocinsu suka tafi. Daga nan Baba ya kai ƙara wurin shugaban ƙungiyar makanikai, ya ce sai an kore shi daga layin, aka sa zama ranar Asabar ɗin nan.

Ranar Litinin Oga Bulus ya kira ni ya ce in zo ni kaɗai. Na tarar ya kwance dashbod, wayoyin nan duk an gwaigwaye rigarsu, jan ƙarfe tsirara yana taɓa juna, ga sheƙar ɓera da audugar kujera. Ya tura hannu ciki ya damƙo ɓawon agushi ya zuba min a tafin hannu. Ya ce, "Malam, ɓera ba ya shiga mota don yana son waya, abinci ne ya kawo shi. Ni ba zan je in faɗa ma Baba ba, surukinka ne. Amma shekara ashirin ina wannan aiki, in shugaba ya tambaye ni ran Asabar, abin da na gani zan faɗa." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, da ma zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Da na faɗa wa matata sai ta ce in bari ta ɗauki laifin, ta ce ita ta sa buhunan ba da sanina ba, tunda uba zai yi faɗa ya huce da 'yarsa amma ni ba zai sake kallona da daraja ba, ga kuma ƙannenta da za su samu abin yi har abada. Mun yi musu sosai, don ni ina ganin wata ƙaryar ce zan ɗora a kan ta farko, kuma ko an yarda da ita, ina labarin tayar da mota duk sati da na yi ta ba shi a waya? Ga shi Baba yana da hawan jini, likita ya ce a kiyaye ɓacin ransa. Abin da ya fi ci min rai, miyar agushin da yake ta santi tun da ya dawo daga cikin buhunan nan ta fito.

Jiya da yamma ya aiko aka kira ni, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ranar Asabar kai ne shaidata. Ka faɗa musu yadda ka kula da ita, kuma ba ka taɓa sa komai a ciki ba." Na ce to Baba.

Jama'a yaya zan yi? In same shi ni kaɗai kafin ranar, ko in nemi wani dattijo ya raka ni saboda ciwonsa, ko in bar matata ta shiga gaba? Duk wanda ya taɓa ɓata wa surukinsa irin haka ya faɗa min ta inda ya fara magana. Zagin da za ku yi min na karɓa, amma ku haɗa da shawara, saura kwana biyu a tsayar da ni a gaban Oga Bulus a ce in ba da shaida.