Koren Maɓalli da Gonar Inna

Yaya,

Gaisuwa mai yawa daga ƙaninka. Ya ƙafar Inna? Ya yara? Ni lafiya lau, ɗakina ma ba shi da taga, don haka sanyi ba ya samun hanyar shigowa.

Kai, Yaya, akwai basira! Minti uku kacal ka yi a manhajar kamfaninmu, har ka yanke shawarar sayar da gonar Inna ka shiga karo-karon gina benen da ka gani a waya.

To ga aikina. Ana kawo mutane ofis, in ba su shayi, in zuba wa yatsansu ido suna danna manhajar. Duk inda yatsa ya tsaya yana shakka, nan nake gyarawa. Wata tsohuwar malamar makaranta ta tsaya kan gargaɗin cewa kuɗin mutum na iya narkewa. Sai na ƙanƙanta rubutun, na tura shi shafi na huɗu, na ƙara wa koren maɓallin biya girma.

Da shugabata ta ce in siffanta mata irin mutumin da muke nema, kai na siffanta: ba ya karantawa, ba ya tambaya, yana son a ce ya waye. Ta ce, "Allah ya ba mu irinsa dubu!"

Na je wurin benen. Rami ne da allon talla. Amma idan masu dannawa ba su ƙaru ba, wata mai zuwa za a sallame ni, don haka ba zan hana ka ba.

Ka turo min hoton Inna, Allah ya ƙara mata lafiya. Da ka nuna mata benen, ka kai ta shafi na huɗu?