Hular da Ke Rufe Haɓa

Manizales, Litinin

Yaya Nubia,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da yara, da Mama da ƙafar nan tata. Don Evelio direba ya kawo mini cuku da mazarƙwailar da kika aiko, Allah ya bar zumunci. Ga mujalla nan na ba shi ya kawo miki. Ki nemi wuri ki zauna tukuna kafin ki buɗe tsakiya.

Kin ga yarinyar? To wai ni ce. Ni Yeimy ƙanwarki, wadda kika goya. Sun goge tabon haɓata tas, sun rage mini damatsa, cinyoyin da na yi shekaru ina hawan tsauni da su sun mayar da su silli-silli, har hasken fata suka ƙara mini. A ƙasa kuma suka rubuta wai kyakkyawar fuskar da ke haskaka tsaunukanmu. Yaya, tseren keke fa na ci a ranar. Na gangaro daga ƙololuwa cikin ruwa da taɓo, na riga kowace mace, na riga maza da yawa. Ki duba shafin daga sama har ƙasa ko za ki ga inda suka faɗi haka.

Na je wurin Don Arcesio, mai shagon kekunan da nake yi wa tsere, raina a ɓace. Ya yi murmushin nan nasa ya ce, "Haba 'yata, wasu kuka suke yi ba a sa su ba, ke an sa ki kina kuka?" Na ce, "Ai ba a sa ni ba, ranka ya daɗe, wata aka sa a kan kekena."

Abin da ya hana ni yi masa rashin kunya shi ne tseren matakala na watan gobe, wanda ake farawa daga saman unguwa a biyo lunguna har bakin coci. Kin san tun zuwana garin nan shi nake mafarki, kuma ba a taɓa sa mace ba. Bana za a nuna a talabijin, ya ce ya samo mini gurbi.

Ki gaida Mama, ki ce ta daina hawa gona da wannan ƙafar.

Taki,
Yeimy

*

Gida, Alhamis

Yeimy sarkin zuciya,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Mama ta ji saƙonki ta ce ke ma ki daina hawa dutse da naki ƙafafun, kun yi kunnen doki.

Mujalla ta iso, kuma ke dai bari. Mama ta sa tabarau ta duba, ta cire ta sake dubawa, ta ce, "Wannan 'yar waye ta ari rigar Yeimy?" Da na ce ke ce, sai ta yanke shafin ta liƙa a bango kusa da hoton Uwa Maryamu. Duk matar da ta zo kitso sai an ja ta an nuna mata. Doña Fabiola, ɗaya daga cikinsu, ta ce ashe birni na gyara mutum haka, za ta tura tata 'yar.

Yanzu ki saurare ni. Ni da gyaran gashi da fuska nake ci da 'ya'yana, don haka kar ki zo mini da cewa kwalliya laifi ce. An yi miki hoda a takarda, sai me? Tabon nan ina wurin kika samo shi, kina 'yar mitsitsiya kika saci keken Baba da garwar madara a baya kika gangara hanyar rafi. Madara ta zube, haɓa ta tsage, ni aka daka. In wani ya goge shi a hoto ni dai ba zan yi makoki ba.

Keken da kike hawa ba naki ba ne, rigar ma ba taki ba ce. Ki danne zuciyar nan ki shiga tseren, ki yi musu murmushi in suna so. Me zai rage miki? Ki shafa ɗan jan baki ma, na saka miki ɗaya a cikin ƙunshin wake, kar ki dafa da shi.

Allah ya tsare mana ke.

Yayarki,
Nubia

*

Zuwa ga Yeimy Ocampo

Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan atisaye na tafiya daidai.

Na ga ya dace in rubuta miki abin da muka tsayar da mutanen gidan talabijin, don kada a samu saɓani ranar tsere.

Ke za ki buɗe hanya, wato ki gangaro kafin a fara sakin maza. Ba za a ɗauki lokacinki ba, saboda babu rukunin mata da za a gwada ki da su. Idan kika zo babban tsallen da ke kan rufin makaranta, za ki bi ta lungun gefe. Wannan don lafiyarki ne.

Sun kuma roƙi ki bar hular kwanon nan mai rufe haɓa, ki sa ƙarama mai buɗaɗɗiyar fuska, ki saki gashinki ta baya. Dalilinsu mai kyau ne: da babbar hula mai kallo ba zai gane mace ce ke tafe ba, kuma fuskarki ce jama'a suka sani a mujalla. Tun da ba gudu za ki yi ba, babu haɗari. Za a turo mai kwalliya da safe.

Na yi ƙoƙari matuƙa kafin a ba mu wannan dama, kuma kin san ina ɗaukarki kamar 'yar cikina. Idan sharuɗɗan ba su yi miki ba, sai ki dawo da keke da riguna shago, a ba wani.

Na gode. Ki huta lafiya.

Arcesio Valencia

*

Manizales, Laraba

Yaya,

Ina gaishe ki, ki gaida kowa. Ga takardar Don Arcesio na haɗo miki, ki karanta da kanki don kar ki ce zuciyata ce.

Jiya muka taka hanyar tseren da ƙafa, yadda ake yi, kowa na duba inda zai sa taya. Matakalar nan siminti ce tsohuwa, gefenta ƙarfe, wani lungun in kika buɗe hannu biyu kin taɓa bango da bango. Na tsaya kan rufin makaranta ina auna tsallen da ido, sai wani ɗan rainin hankali mai suna Wilmar ya ce, "Sarauniya, hanyarki na can gefe, kar iska ta ɓata miki gashi." Suka kwashe da dariya. Na ce, "Wilmar, ranar da aka yi ruwa ba kai na wuce kana rungume da bishiya ba? Yaya take, kun daidaita?" Dariyar ta koma kansa.

Daga can shago na wuce. Na ce wa Don Arcesio, "Mutum nawa cikin mazan za su sa ƙaramar hula?" Ya ce ai su gudu za su yi. Na ce, "To simintin ya san wanda ke gudu da wanda ke ado?" Ya ce in yi tunani. Na ce na gama. Na jingina masa kekensa, na ninke rigunansa na ajiye a kan kanta, na fito. Sai da na sha kwana na zauna a bakin titi na yi kuka mai isata, don ina son keken nan, Yaya, ina son shi kamar me.

Amma ji nan. Akwai tseren tantancewa ranar Asabar, duk wanda ya shiga cikin masu sauri ya samu gurbi. Na karanta dokarsu sau biyu, ba inda aka ce sai namiji, don bai taɓa zuwa musu a rai ba. Duván, wanda muke atisaye tare, ya karya ƙafa, ya ce in ɗauki kekensa. Ya yi mini ɗan girma, birkin baya na kuka, amma yana tafiya. Hular kuwa tawa ce, da gumina na saya.

Na san za ki ce na yi wauta. Faɗi, ina ji.

Yeimy

*

Gida, Juma'a

Ƙanwata,

Gaisuwa a gurguje, Don Evelio na ta danna mini oda a waje.

Na karanta takardar mutumin nan a tsaye, na zauna na sake karantawa. Na janye maganata, duka. Ni na ɗauka hoda ce da jan baki. Ashe cewa suke ki gangaro kan siminti da baki a buɗe don masu shan giya a gaban talabijin su ga haƙoranki? Wai kamar 'yar cikinsa! Ya sa 'yar cikin nasa mana. Ni na riƙe haɓar nan da tsumma tun daga rafi har asibiti, jini na bin hannuna, ban riƙe ta don wani ya yi talla da ita ba.

Ki raba gashin biyu ki kitse shi tam, ki tura jelar cikin riga, kar ki bar ko sili a waje sarƙa ko waya ta kama. Ki ɗaure hular nan har sai ta matse ki. Girbin kofi ya hana ni zuwa, amma Don Libardo ya ce zai fito da talabijin ɗin kantinsa waje.

Ban gaya wa Mama batun tsallen ba. Ki je ki ba su kunya.

Nubia

*

Gida, Litinin

Yeimy,

Ina gaishe ki da zuciya a hannu. Na hau tudun maƙabarta neman sabis har sau uku, wayarki a kashe. Duván na samu, ya ce kina asibiti kuma da ƙafarki kika shiga, sai layin ya yanke.

Bari in gaya miki abin da muka gani, don ke ba ki ji su ba. Garin nan kaf ya taru a ƙofar kantin Don Libardo, har masu tsinkar kofi da kwandunansu a ƙugu. Da farko aka nuno wata yarinya mai dogon gashi da ƙaramar hula tana lallaɓowa tana ɗaga hannu. Tausayi ta ba ni. Sannan aka fara sakin maza.

Da aka zo kanki, mai sharhin lamba kawai ya gani da sunan Baba. Ya ce, "Ga wani sabon yaro, Ocampo, daga tantancewa ya fito." Kika sako. Yeimy, ban san haka kike ba. Ban taɓa ganinki kina yi ba sai jiya. Mutumin nan sai ihu yake, "Ku dubi yaron nan! Ba ya taɓa birki! Wannan namiji ne!" Da kika tashi daga kan rufin makarantar kika sauka daram, Mama ta yi alamar gicciye ta ce, "Allah sarki, uwar yaron nan tana ina?" Na ce, "Ga ta nan zaune, Mama." Ta kalle ni, ta kalli talabijin, ta miƙe tsaye a kan ƙafar da ta ce ba ta takuwa, tana ƙwala sunanki.

Sai kwanar ƙarshe, inda ruwan wankin wani gida ya jiƙa matakala. Maza huɗu sun zube a wurin kafin ke, mun gani. Muka ga tayar gaba ta zame, muka ga kin daki ƙarfen gefe da fuska. Ƙarar har nan. Kika tashi, kika ja keken, kika ƙarasa da hannu ɗaya.

Can abokin sharhin nasa ya duba takarda ya ce, "Yeimy Ocampo ce fa, ta mujalla." Da mai sharhin ya dawo hayyacinsa sai cewa ya yi, "To a cire hular mana mu ga kyakkyawar fuska." Wani ya tare ki da makirufo, kika ture shi kika wuce da hularki a kai. Sunanki ya fito a allo da lokacinki, maza rututu a ƙasanki, har da Wilmar ɗin naki. Doña Fabiola ta yi guɗa. Sai suka sa tallar sabulu.

Amma na ga jini a wuyan rigarki, kuma ba ki cire hular ba. Mama ba ta ci komai ba tun jiya. Ki gaya mini gaskiya, me ke ƙarƙashin hular nan? Ko mene ne, ni zan iya gani. Gobe zan biyo Don Evelio, kofi ya jira.

Allah ya ba ki lafiya, ya huci zuciyarki.

Yayarki,
Nubia

*

Manizales, Talata

Don Arcesio,

Ina gaishe ka. Ka yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi, na dama na cikin filasta.

Na samu furanninka, da saƙon cewa keke na jirana, kuma masu mujalla na son zuwa su ɗauke ni hoto in fuskar ba ta lalace ba. Ka kwantar musu da hankali. Leɓena ne ya fashe, haƙorana suna nan cif, yanzu ma Yayata ta gama ba ni arepa, wainar masarar nan, na tauna da su. Keken kuwa ka ba wani. Na riga na sa sunana a tantancewar baɗi, ni da wasu 'yan mata uku, har da wadda kuka sa ta buɗe hanya.

Ga kwali nan ɗan aike zai ba ka. Hulata ce a ciki. Ka juya ta ka dubi wurin haɓar, inda ya rabe biyu, ka sa yatsanka a ramin da ƙarfen ya yi. Nan ne ka ce in bari a buɗe.

In suna son hoto, su ɗauki wannan.

Ka huta lafiya.

Yeimy Ocampo